Kuɓewar Sojan Kanada

Kafin rana ta leƙo kan gine-ginen tsohon garin Jidda, Na'ibi ya riga ya idar da sallar asuba, ya buɗe ƙofar ƙarfen nan mai kukan tsatsa, ya tuɓe takalmansa a gindin dogon yaro. Ba wanda ya taɓa ce masa ya riƙa tuɓe takalmi. Shi ne dai ya ga bai dace a shigo da ƙazantar titi inda mutane ke kwance ba. Daga nan sai tsintsiya. Yakan fara da layin jarirai, don ya ce su ne ba su da ƙarfin jiran kowa, ya bi ta kan matuƙan jirgin ruwa, ya kori kyanwoyin da suka kwana kan marmara, ya yi wa hankaki faɗa kamar suna jin Hausa. In ya gama, sai ya ciko jarka, ya nufi lungun kudu, inda 'yan tsirai kore shar suke tsaye gaban wani farin dutse.

Wurin maƙabarta ce ta baƙi waɗanda ba Musulmi ba. Katanga ta kewaye ta, motoci na gilmawa ta gefenta, yawancin masu tuƙin ba su san akwai ta ba. Jidda gari ne mai tarin abin mamaki. A nan ne aka kafa keken da ya fi gida tsawo a tsakiyar shataletale, a nan ne ruwa ke tashi daga teku ya nufi sama kamar zai koma inda ya fito. Amma duk cikin abin da ido ya gani a garin nan, babu wanda ya kai kuɓewa a kan kabarin Bature.

Sunansa na yanka Adamou, ɗan Souleymane, mutumin wani ƙauye ne gabas da Tasawa a Nijar. Na'ibi laƙabi ne da ya gada daga kakansa, wanda ya yi na'ibin liman. Ya zo aikin hajji a 1975, bai koma ba. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya fara ƙorafi, sannan wani tsoho ɗan Cadi mai gadin maƙabartar, da zai koma gida, ya danƙa masa makulli. Aka samo masa kafili mai tsaya masa, aka yi masa iƙama, wato takardar zama. Mutane da yawa sun ƙi aikin kafin shi.

A makonsa na farko ya lura da dutsen lungun kudu. Sauran kaburbura kowanne da irin adonsa, wannan kuwa fari ne fes, ba ƙyale-ƙyale. Da ɗan bokon Faransanci da ya taɓa yi a ƙauye, ya haɗa baƙaƙen a hankali: Lucien Gallant. Yaro ne, bai wuce ashirin da 'yan kai ba. Sama da sunan an sassaƙa ganye guda mai yatsu a baje.

Na'ibi manomi ne ɗan manomi, kallo ɗaya ya yi masa ya gane shi. Ganyen kuɓewa ne. Ya zauna a kan dugadugansa yana tunani. A ƙasarsu, in ka ga Bagobiri ka san shi da askar fuskarsa, haka Ba'are, haka Babarbare. To ashe su Turawa ba a kumatu suke tsaga tasu ba, sai an mutu ake sa ta a dutse. Wannan yaro, in ji zuciyar Na'ibi, ɗan manoman kuɓewa ne.

Da watan Nuwamba ya kama, sai ga mota daga ofishin jakadanci. Mutane suka fito, kowa da jan fure na takarda maƙale a ƙirji, suka tsaya gaban dutsen shiru, ba waƙa ba kuka, sannan suka cire furannin suka ajiye a ƙasa. A goshin motar akwai 'yar tuta, fari a tsakiya, ja a gefe da gefe, ga kuma ganyen nan ja wur. Nan Na'ibi ya ƙara sakankancewa. Ƙasa guda ce sukutum ta ɗauki kuɓewa ta ɗora a tuta.

A cikinsu akwai wani dattijo mai sanda da ke jin Faransanci. Shi ya tsaya ya ba shi labarin mai kabarin. Ya ce matuƙin jirgin sama ne daga Kanada. A yaƙin duniya na biyu akan tuƙo jiragen yaƙi daga bakin tekun Afirka ta Yamma, a sauka Kano, a sauka Fort-Lamy ta Cadi, a bi ta Khartoum a kai su fagen fama. Jirgin wannan yaro ya faɗa Bahar Maliya, masunta suka tsamo shi suka kawo gaɓa.

"Mu ba mu da yawa," in ji dattijon. "Lokacin ba mu fi mutum miliyan goma sha ɗaya ba, amma sama da miliyan guda suka sa kaki. A yaƙin farko ba a ma tambaye mu ba, Ingila ta shiga, mu ma mun shiga ke nan. Da muka binne sama da dubu sittin, sai muka ce in za a sa hannu kan sulhu, mu ma a ba mu alƙalami. A yaƙi na biyu mu muka yanke shawara da bakinmu. Tutar nan da kake kallo sabuwa ce, shi bai taɓa ganinta ba. Amma irinsa ne suka saya mana ita."

Na'ibi bai tambayi zancen ganyen ba. Mutum ba ya tambayar abin da idonsa ya riga ya faɗa masa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Kano da Fort-Lamy. Ashe yaron nan ya ratsa samaniyar ƙasarsu, ƙila ma inuwar jirginsa ta taɓa faɗawa kan wata gonar gero da ya sani.

Da yamma ya ce da matarsa Shatu ta ba shi irin kuɓewa cikin wadda alhazan Maraɗi suka kawo mata.

"Miya za ka yi, Malam?"

"Shukawa zan yi."

"A ina? Kan rufin mai gida?"

Da ya faɗa mata, ta ajiye ludayi ta dube shi. "To ka ji ni da kyau. Ko ɗaya kada ta shigo tukunyata. Ni ban iya miyar kushewa ba."

"Ai ba tamu ba ce. Ta mai wurin ce."

Shukar farko ta mutu, ta biyu ma haka. Ƙasar Jidda gishiri ce, tana cin saiwa kamar yadda take cin gindin katanga. Sai ya riƙa zuwa kasuwar dabbobi yana ɗebo takin awaki a buhu, ya haƙe ƙasar gaban dutsen ya sauya ta. Ruwa kuwa a lokacin sai tanka ta kawo, ana rabonsa da faɗa. Na'ibi ya koma yin alwala a cikin kwano, abin da ya taru ya juye a jarka. Shuka ta uku ta kama. Ta yi fure rawaya mai jan ciki, ta yi 'ya'ya. Bai tsinki ko guda ba. Ya bar su suka bushe a jikin karan, ya adana irin don baɗi. Tun daga nan, duk shekara in masu jan fure sun zo sun tafi, sanyi-sanyi ya fara shigowa, sai ya yi sabuwar shuka. Turawan suna ganin tsiran, sun ɗauka ɗan lambun mai gadi ne, ba wanda ya tanka.

Wanda bai bar shi ya sha iska ba shi ne amininsa Maiturare, mai rumfar turare a unguwar Bani Malik, inda 'yan Nijar ke taruwa shan shayi bayan la'asar.

"Yalla, ku matsa, ga Na'ibin kushewa nan! Ya shehi, jikan na'ibin liman guda, ka rasa wanda za ka yi wa ban-ruwa sai Nasara? Yaushe za ka tuƙa masa tuwo, tunda miya ta samu?"

Shekaru ya yi yana wannan tsiya, Na'ibi na murmushi kawai. Ran nan dai, da dariyar ta yi yawa, ya ajiye kofinsa.

"Maiturare, ina kabarin babanka?"

"Yana Mirya, bayan gari. Me ya kawo wannan?"

"Ka taɓa zuwa?"

"Duk sanda na je gida."

"Ni nawa, Faransa ta kwashe shi soja ina cikin ciki. Aka sa shi mota, shi ke nan. Wasu sun ce sanyi ya kashe shi, wasu sun ce Jamus. Har innata ta rasu, in ta ji ƙarar mota sai ta fito ƙofar gida. Ban san ƙasar da ta ci shi ba. Ni ba addu'a nake wa yaron nan ba, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. Ruwa kawai nake ba wurin. Ina cewa ko a can ma akwai wani mai gadi da ya ga sunan Souleymane bai iya karantawa ba, amma yana sharewa."

Maiturare bai daina kiransa Na'ibin kushewa ba, amma daga ranar, in tanka ta zo unguwarsu, yakan cika jarka guda ya ajiye bayan rumfa, ya ce wai ta yi masa yawa.

Kai ne, Na'ibi, ka zauna da dutsen nan lokacin da ofisoshin jakadanci suka tattara suka koma Riyad, masu jan fure suka ragu, har aka yi shekarun da Nuwamba ta zo ta wuce ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Kai ne ka riƙa tsayawa kai kaɗai a gabansa, shiru, yadda ka ga suna yi. Kai ne mai kasa kunne ga rediyo, in an ambaci Kanada ka riƙe labarin har safe ka kai masa. Direban tankar ruwa ya rantse ya ji ka, lokacin yaƙin Kuwait, kana ce wa dutse: "Mutanenka sun iso ƙasar nan, sun kafa asibitin soja can arewa. Wannan karon da tutarsu suka zo, ba ta kowa ba." Ya ji ka kuma wata rana kana gaya masa cewa yanzu in ƙasashe biyu sun yi faɗa, mutanensa na cikin waɗanda ake kira su sa shuɗiyar hula su tsaya a tsakani. Dogon yaron maƙabarta, mai inuwa ga wanda ba zai gode ba.

Sai ruwan farkon shekarar 2011, wanda ya mai da titunan Jidda koguna. Katangar kudu ta faɗi, ruwa ya shigo da laka da shara, ya tumɓuke duwatsun lungun ya tara su bakin ƙofa. Na'ibi yana ƙoƙarin tare ƙofar ya zame, ƙafarsa ta karye. Yana kwance a gida aka kawo leburori suka kwashe shara, suka sassabe duk abin da ya yi saura, suka baje laka, aka tada sabuwar katanga, ba daidai kan tsohon gurbinta ba. Ba su yi da mugunta ba, gyara aka ce su yi.

Da ya dawo yana dogara sanda, ya tsaya a lungun kudu bai gane shi ba. Fili ne sumul. Katangar da yake auna komai da ita ta gusa, ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Dutsen Lucien na jingine bakin ƙofa, gefensa ya ɓantare. Masu kula da maƙabartar suka ce tunda ba a san gurbin kowa ba, za a jera duwatsun a jikin katanga don tunawa, shi ke nan.

Ana cikin haka wata Baturiya ta zo ran Juma'a, sanye da baƙar abaya, gashinta ya fara furfura. Sunanta Odette, nas ce da ta karɓi aiki a wani asibiti a Jidda, kuma da Faransanci ta yi sallama. Ta ce Lucien yayan mahaifiyarta ne. Uwar tana can Kanada, ta tsufa ƙwarai, tana 'yar yarinya aka tafi da shi. Abu ɗaya ta roƙa kafin ta mutu: a nuna mata hoton inda yake kwance.

"Ba dutsen take so ba," in ji Odette. "Wurin take so. Kai ka san wurin?"

Da Na'ibi mai son a yabe shi ne, da ya nuna ko'ina da sanda, ba mai ƙaryata shi. Sai ya sunkuyar da kai. "Madam, da na sani. Yanzu ban sani ba. Amma akwai wanda ya sani, in kin yi haƙuri a tambaye shi."

Ya je ya roƙi masu kula da wurin su dakata da jera duwatsu zuwa wani lokaci. Suka yarda, ba don sun fahimta ba, sai don tsufansa. Ya fara ban-ruwa. Ba gurbi ɗaya ba, lungun gaba ɗaya, safe da yamma, da karyayyar ƙafa. Shatu ta yi faɗa har ta gaji, ta koma tara masa ruwan wankin shinkafa. Maiturare ya riƙa rufe rumfa da wuri yana kawo jarkoki a tasi, yana mita tun daga ƙofa: "Ni dai na shiga uku, da tsufana na zama ɗan garuwan Nasara." Odette ma duk Juma'a takan naɗe hannun abaya ta ɗauki bokiti, ba ta san me ake jira ba.

Kuɓewa ta fito. Sai dai ba a wuri ɗaya ba. Ruwan ya fasa gwangwanin da Na'ibi ke ajiye iri, ya watsa shi ko'ina, ga tsirai nan birjik daga wannan kusurwa zuwa waccan. Maiturare ya riƙe baki. "To fa. Yanzu duk lungun ya zama ɗan Kanada."

Na'ibi ya ajiye sanda, ya durƙusa, ya fara bin tsiran da hannu tunda ido ya ƙi. Wadda ta fito daga ƙwaya takan zo da 'yan ganye biyu masu laushi, kara siriri kamar zare. Ba ita yake nema ba. Shukarsa ta Nuwamba ta riga ta yi ƙwari kafin ruwan, kuma kuɓewa in an sare ta, muddin saiwa na ƙasa, takan tofo daga kututture. Kwana da kwanaki yana rarrafe cikin laka. Wata Juma'a da hantsi, can nesa da inda kowa ke zato, yatsunsa suka taɓa abu mai kauri. Ya tone a hankali. Guntun kara ne sararre, ga toho a gefensa. Ya lalubo gaba, ga wani, ga wani kuma, a jere, yadda hannunsa ya saba shuka su.

"Madam," ya ce, "ga kansa nan."

Da aka haƙa kaɗan bayan layin, aka tarar da gindin sumuntin da dutsen ke zaune a kai. Daga shi aka auna aka gano na maƙwabtansa. Ba a jera kowa a katanga ba.

Ranar da aka mai da dutsen, Odette ta tambaye shi abin da ya daɗe yana cinta: me ya sa wannan tsiro, ba fure ba? Na'ibi ya yi mamakin tambayar. Ya tsinko ganye guda ya ɗora kan sassaƙen dutsen. "Ai askarku ce. Ga ta a tutarku."

Ta dubi ganyen, ta dubi dutsen, dariya ta kama ta, kafin ta ankara dariyar ta koma kuka. Da ta natsu ta gaya masa cewa ba wannan ba ne. Wani babban itace ne na ƙasar sanyi, ya fi dogon yaro, ganyensa kan yi ja kafin ya zube, kuma ana tatsar ruwan jikinsa a dafa ya yi zaƙi kamar zuma. Ba zai rayu a Jidda ba ko na mako guda.

Na'ibi ya juya ga Maiturare da Hausa. "Ka ji. Shekara talatin da wani abu ina ba mutum kuɓewa, ashe ko saninta bai yi ba."

Duk majalisar Bani Malik ta san Maiturare bai taɓa barin irin wannan dama ta wuce ba. Ran nan ya bari. Ya ce, "Ya san ta yanzu."

Na'ibi ya tambayi Odette ko ya cire. Ta ce kada ya taɓa ko ɗaya. Ta jira har tsiran suka yi ganye sosai, ta ɗauki hoto ta aika gida. Bayan mako biyu ta dawo da amsa. An kai wa tsohuwar hoton a gadonta, ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo, ta shafa koren ganyen da yatsa, ta ce: "Ku duba, itacen gidanmu ya tsiro a kansa. Wa ya kai masa?"

"Kin gaya mata gaskiya?" in ji Na'ibi.

"Na gaya mata sunanka," in ji Odette.

A bana, 2012, Na'ibi ya ajiye makulli. Ƙafa ta ƙi, ido ya ƙi, shi da Shatu za su koma Tasawa. Ya danƙa aikin ga Usuman, wani magidanci ɗan Cadi, tare da tsintsiya da jarka da sabon gwangwanin iri. Ya gaya masa ganyen ba na kuɓewa ba ne, don kada ya rayu cikin kuskure irin nasa, sannan ya gaya masa watan da ake shukawa.

Mun gode, Na'ibi. Ƙasar yaron nan ta sami suna a duniya da jinin irinsa, tana da tuta, tana da ranar tunawa, tana da masu zuwa da jan fure. Babanka bai sami ko ɗaya ba, har yau ba a san inda Souleymane yake ba, kuma ba ka riƙe wannan a kan kowa ba. Allah ya ba ka lafiyar ƙafa, ya sa ka ga damina a gonarku, ya haɗa ka da mai share naka.

Ku kuma da kuke karantawa, a Jidda kuke ko a Maraɗi ko a Kano, akwai wani kabari kusa da ku da ba mai zuwa wurinsa. Ba sai kun iya karanta sunan ba, ba sai kun gane askarsa daidai ba. Ku share shi, ku zuba masa ruwa. Ƙila na Souleymane ne.